Littafi Ɗaya, Kunnuwa Dabam-Dabam: Shekaru Saba'in na Gardama a kan Pippi Långstrump

Gabatarwa

Yawancin ɗaliban ƙasarmu da suka taɓa cin karo da wannan yarinya sun san ta da sunan Fifi Brindacier, wato sunan da aka raɗa mata a Faransanci. Sunanta na yanka Pippi Långstrump, ma'ana Pippi mai doguwar safa, ita ce kuma tauraruwar littattafai uku da marubuciyar ƙasar Suwidin, Astrid Lindgren (1907–2002), ta wallafa a shekarun 1945 da 1946 da 1948. An fassara su cikin harsuna fiye da 70. Sai dai tun daga fitowar na farko, masu karatu ba su taɓa zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya a kansu ba. Wannan maƙala za ta bi sawun gardamar, ta nuna cewa mafi yawan abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa batun harshe ne: yadda yaro ke magana da babba, yadda ake wasa da kalmomi, da yadda kalma ke sauya nauyi idan zamani ya juya. Waɗannan kuwa su ne abincin ɗalibin kimiyyar harshe.

Asalin labarin

A shekarar 1941 ƴar marubuciyar mai suna Karin ta kwanta da ciwon huhu, sai ta roƙi mahaifiyarta ta ba ta labarin wata Pippi Långstrump, sunan da ita yarinyar ta ƙirƙira nan take. Labarin ya rayu a baka har tsawon shekaru uku, kamar yadda tatsuniya ke rayuwa. A 1944 Lindgren ta yi targaɗe a ƙafa, ta samu sararin rubuta shi, ta ba ƴarta kyauta ranar da ta cika shekara goma. Ta kuma aika da kwafi ga babban kamfanin ɗab'i na Bonniers, aka mayar mata da abinta. Bayan ta yi masa kwaskwarima, sai ta shigar da shi gasar kamfanin Rabén & Sjögren a 1945, ya zo na ɗaya, aka buga shi a watan Nuwamba tare da zane-zanen Ingrid Vang Nyman.

Pippi ƴar shekara tara ce. Mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta kyaftin ɗin jirgin ruwa ne da ya ɓace a teku. Tana zaune ita kaɗai a wani tsohon gida tare da doki da biri da jaka cike da kuɗin zinariya. Tana da ƙarfin da take ɗaga dokin nan sama da hannuwanta. Ba mai sa ta, ba mai hana ta. Ƴan sanda sun zo kai ta gidan marayu, ta mayar da su abin wasa. Ta leƙa makaranta yini guda, ita da malamar suka yarda cewa zaman ba zai yiwu ba. A gefenta akwai Tommy da Annika, ƴaƴan maƙwabta masu ladabi da biyayya, waɗanda ta idonsu mai karatu ke kallon wannan baƙuwar halitta.

Zango na farko: tsoron iyaye da malamai

Sharhin farko-farko ya kasance na yabo, yara kuma suka rungumi littafin. Guguwar ta taso ne a watan Agusta na 1946, sa'ad da John Landquist, farfesan ilimin tarbiyya da halayyar ɗan Adam, ya rubuta maƙala mai zafi a jaridar Aftonbladet. Taken maƙalar kansa hukunci ne, domin yana nufin abu marar kyau da aka ba kyautar yabo. A ganinsa, babu lafiyayyen yaron da zai cinye kek sukutum a gidan baƙunci ko ya barbaɗa sukari a ƙasa ya taka, don haka ya danganta halayen Pippi da taɓin hankali, ya kuma kushe harshen littafin da cewa marar inganci ne. Iyaye da malamai da dama suka bi bayansa da wasiƙu a jaridu, wasu kuma suka tashi kare littafin.

Ba za a fahimci zafin wannan muhawara ba sai an san cewa ta faɗo ne cikin wata da ta girme ta. Tun shekarun 1930 ake gardama a Suwidin a kan tarbiyya: shin a ci gaba da bulala da tsawa, ko a sakar wa yaro mara ya girma cikin ƴanci? Ita kanta Lindgren ta san inda ta jefa dutsenta. A wasiƙar da ta haɗa da rubutun zuwa Bonniers, ta ambaci ra'ayin masanin falsafa Bertrand Russell cewa babban burin yaro shi ne ya samu iko, ta kuma yi barkwancin fatan kada a kai ƙararta hukumar kula da yara. Ke nan kowane ɓangare ya ga abin da yake tsoro ko abin da yake so a jikin Pippi. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun ga annoba. Masu neman sauyi sun ga gwarzuwa. Wannan suka bai mutu ba, domin ko a 1995, shekarar da littafin ya cika hamsin, wata mai sharhi, Carin Stenström, ta rubuta a jaridar Svenska Dagbladet cewa lokaci ya yi da za a yi wa Pippi ritaya saboda illar da ta yi wa tarbiyya.

Akwai darasi ga mai tarke a nan. Landquist ya auna littafin da ma'aunin da ba nasa ba. Ya ɗauki almara a matsayin hoton rayuwa ta zahiri, alhali yarinyar da ke ɗaga doki ta riga ta sanar da mai karatu irin duniyar da ya shiga. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan yarjejeniya. Kakar da ke ba jikokinta labarin Gizo ba koya musu cuta da haɗama take yi ba, kuma "ga ta nan, ga ta nanku" da "ƙurunƙus" su ne shingen da ke raba duniyar tatsuniya da ta gidan. Bambancin shi ne, dabarar Gizo sau da yawa kansa take komawa, ita kuwa Pippi ba wanda ke hukunta ta, kuma a nan ne gizo ke saƙar ga manyan da suka karanta littafin.

Wakilin suna guda da ya tayar da ƙura

Babin makaranta ya fi kowanne nuna yadda rashin kunyar Pippi ke ɓoye cikin nahawu. A Suwidin ta 1945, yaro ba ya ce wa malamarsa "du", wato "ke". Ƙa'idar ita ce a kira babba da muƙaminsa, a yi masa magana kamar ana zancen wani na uku. Pippi kuwa "du" take ce wa malamar, ana yi mata gyara, tana ba da haƙuri, tana sake maimaitawa. Mai karatu na wancan lokaci yana jin wannan kalma kamar saukar mari.

Bayan shekaru kusan ashirin sai al'ummar ta sauya. A 1967 Bror Rexed, sabon shugaban hukumar lafiya ta ƙasar, ya sanar da ma'aikatansa cewa "du" zai riƙa ce wa kowa, abin da ya zama alamar wani sauyi da ya riga ya kankama. Cikin ƴan shekaru "du" ta zama hanyar da kusan kowa ke magana da kowa. Sakamakon haka, yaron Suwidin na yau yana karanta babin ba tare da ya ji abin da ya girgiza kakanninsa ba. Rubutun yana nan yadda yake, kunnen ne ya sauya.

Mai fassara ma yana da tasa matsalar. Faransanci yana da "tu" da "vous", don haka zai iya riƙe bambancin. Ingilishi wakilin suna guda gare shi, sai ya nemi wata dabara. Hausa fa? Muna da "ku" ta girmamawa da wasu ke amfani da ita ga manya, amma nauyin ladabi a harshenmu ya fi rataya ga kalmomin kira da sakaya suna: Malama, Baba, Inna, Yaya, ranka ya daɗe. Yarinyar da ta dubi malamarta ta ce "ke", babu "Malama" gaba babu baya, ta yi daidai abin da Pippi ta yi. Wato a wannan gaɓa fassarar Hausa za ta iya farfaɗo da abin da ya dushe a harshen asali.

Zango na biyu: mai fassara a matsayin mai suka

Ba duk mai suka ne ke rubuta maƙala ba. Wani da almakashi yake bayyana ra'ayinsa. Kamfanin Hachette ya fitar da fassarar Faransanci ta farko a 1951, aka sake buga ta da gyare-gyare a farkon shekarun 1960. Sauya sunan yana da hujja a bayyane, domin kalmar "pipi" a Faransanci fitsari take nufi a bakin yara. Sauran gyare-gyaren kuwa na aƙida ne. An matse littattafai uku sun koma biyu, an cire wuraren da Pippi ke mayar wa manya magana, an daidaita kalmominta masu karkata, an kuma sanya mata nadama a inda ba ta da ita. Hatta dokin an mayar da shi ɗan ƙaramin doki, bisa hujjar cewa yaran Faransa ba za su yarda yarinya ta ɗaga cikakken doki ba. Lindgren ta mayar da martani da neman a aiko mata da hoton yarinya Bafaransa tana ɗaga ko da ƙaramin ne. Sai a farkon shekarun 1990, bayan da masaniyar harshe Christina Heldner ta kwatanta fassarar da asalin ta bayyana yawan ɓarnar, aka ɗauki mataki, sabuwar cikakkiyar fassara ta Alain Gnaedig ta fito a 1995.

Wannan yana da muhimmanci gare mu. Duk wanda ya karanta tsohuwar fassarar, a Faransa ne ko a ɗakunan karatu na ƙasashenmu masu aiki da Faransanci, wata yarinya dabam ya sani. Idan ya ce littafin bai burge shi ba, ko ya ce bai ga abin tayar da hankali a ciki ba, ra'ayinsa a kan aikin Hachette ne. Kafin manazarci ya tattara ra'ayoyin masu karatu, tilas ya fara tambayar wane bugu suka karanta.

A Jamus, inda kamfanin Oetinger ya buga littafin tun 1949, almakashin bai yi zurfi haka ba, amma ya taɓa wasu wurare. Misali, naman kaza mai guba da Pippi ta gatsa a daji an mayar da shi irin wanda ake ci, don gudun kada yara su kwaikwaya. Hasali ma marubuciyar ce ta fara riƙe almakashin. Rubutun 1944, wanda aka buga a 2007 da sunan Ur-Pippi, ya nuna yarinya mai kaifin baki fiye da wadda duniya ta sani. Manazarciya Ulla Lundqvist ta nuna yadda Lindgren ta rage tsiwar, ta ƙara tausayi, kafin ta shiga gasar 1945.

Wasa da kalmomi

Abin da masu suka na farko suka kira gurɓataccen harshe, shi ne ɗalibin ginin kalma zai fi jin daɗinsa. Pippi ba ta cewa "multiplikation", wato lissafin ninkawa. "Pluttifikation" take cewa. Ta bar ɗafa-ƙeyar nan mai ƙamshin Latin, ta maye saiwar da "plutt", kalmar da ke nufin ɗan mitsitsin abu. Kalmar ta fito da rigar ilimi, cikinta kuwa raini ne. Mai fassara da ya gyara ta ya kashe barkwancin. Wanda zai kawo ta Hausa yana bukatar kalma mai kama da kuskure amma mai cizo. Idan ya sa Pippi ta riƙa cewa "lissafin niƙawa" a maimakon "ninkawa", duk ɗalibin da jadawalin sau ya taɓa niƙewa zai gane.

A littafi na uku, Pippi ta ƙirƙiro kalmar "spunk", sannan ta bazama gari neman abin da kalmar ke nufi. Ta shiga kantuna, ta je wurin likita, wasu manyan ma suka yi kamar sun san abin don kada a ga gazawarsu, daga ƙarshe ta liƙa sunan ga wani ƙwaro. Wanda ya karanta Ferdinand de Saussure zai ga darasin a fili: babu wata igiya ta halitta da ta ɗaure sauti da ma'ana, yarjejeniyar masu harshe ce kawai. Kalmar ta bi tsarin sautin harshen Suwidin, shi ya sa take kama da ta gaske. A Ingilishi an riga an san ta da wata ma'ana, sai fassarar Amurka ta sauya wasalin, ta ce "spink". A Hausa kuwa kalma ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere irin waɗannan, ba ta kuma ƙarewa da su. Ko dai a cusa wasula ta koma kamar "sufanki", ta yi kama da kalmar aro, ko a ƙera sabuwa mai siffar Hausa tsantsa wadda ba ta nufin komai. Hanya ta biyu ta fi kusa da manufar marubuciyar.

Zango na uku: kalmar da ta yi nauyi

Sukan da ya fi ƙarfi a wannan ƙarni daga wata kusurwa ya fito. Mahaifin Pippi ya zama sarki a wani tsibiri na tekun kudu, littafin kuma ya kira shi "negerkung", wato sarkin baƙaƙen fata, da kalmar da ta yi daidai da "nègre" ta Faransanci. A Suwidin ta shekarun 1940, inda baƙar fata ba su da yawa, ana ɗaukar kalmar a matsayin ta yau da kullum. Ga waɗanda ake kira da ita kuwa, tana ɗauke da tarihin bauta da mulkin mallaka tun kafin nan. Da al'ummar ƙasar ta cakuɗa, ƴaƴan ƴan Afirka suka zauna aji ɗaya da sauran yara ana karanta musu littafin, sai tambayar ta zama ba ta kaucuwa.

Oetinger ya sauya kalmar a 2009 zuwa mai ma'anar sarkin tekun kudu. A 2014 gidan talabijin na ƙasar Suwidin, SVT, ya cire ta daga shirin 1969 da Olle Hellbom ya shirya, tare da wurin da Pippi ke jan idanunta tana kwaikwayon ƴan Sin. A 2015 sabon bugun littattafan a Suwidin ya bi sahu, da amincewar magadan marubuciyar. Ita ma Lindgren, tun a 1970, ta nuna a wata hira cewa da a lokacin take rubutun, da ba ta sa wannan ba.

Jama'a sun rabu gida uku. Na farko sun ce littafi shaidar zamaninsa ne, goge kalma goge tarihi ne, kuma wanda ya fara ba ya sanin inda zai tsaya. Na biyu sun ce a bar kalmar, a yi mata bayani a gabatarwa ko a ƙasan shafi. Na uku sun ce yaro ɗan shekara shida da ake karanta wa labari kafin barci ba ya karanta bayanin ƙasan shafi, kalmar kawai yake ji, gobe kuma ya jefi abokinsa da ita a filin wasa.

Akwai kuma waɗanda suka ce sauya kalma bai taɓa tushen matsalar ba. Ko da wane suna aka kira shi, labarin Bature ne da teku ta jefa tsibiri, mutanen wurin suka naɗa shi sarki. Masu kare littafin sukan nuna cewa sa'ad da yaran tsibirin suka durƙusa wa Pippi, saukowa ta yi daga karaga ta ƙi yarda da wannan fifiko. Gaskiya ne, amma karagar tana nan, kuma mahaifinta ne a kai. Haka nan, cikin ƙaryace-ƙaryacen da Pippi ke shararawa a kan ƙasashe masu nisa, har da Masar da Kwango. Mai karatu a Yamai ko Damagaram yana daga cikin mutanen nesan da ake ba da labarinsu, don haka ba dole ba ne dariyarsa ta zo daidai da ta mai karatu a Turai. Wannan karatun nasa halattacce ne, kuma yana da abin da zai ƙara wa muhawarar.

Shin gyaran 1951 da na 2015 abu ɗaya ne? Dukansu taɓa rubutun marubuci ne, amma akwai ma'auni biyu da ke raba su. Na farko, me gyaran ya cire? Na Faransa ya cire jigon littafin, wato ƴancin yarinyar da bakinta. Na 2015 ya cire kalmar da labarin ke tafiya ba tare da ita ba. Na biyu, an sanar ko an ɓoye? Masu karatun Faransanci sun shafe shekaru arba'in ba su san an rage musu komai ba. Gyaran baya kuwa a bainar jama'a aka yi shi, tsofaffin bugu kuma suna nan ga mai bincike. Gyaran da aka bayyana ana iya gardama da shi. Wanda aka ɓoye ya hana gardamar ma ta taso.

Kammalawa

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram, kuma dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Bukatar littattafan yara, na ƙirƙira da na fassara, ƙaruwa za ta yi, kuma daga cikin masu karanta wannan mujalla ne za a samu masu yin aikin. Duk tambayoyin da Pippi ta tayar suna jiran su. Za su haɗu da yaron labari mai tsiwa, su ji sha'awar ladabtar da shi. Za su haɗu da kalmomi irin su "arne" ko "bawa" a tsofaffin rubuce-rubucenmu da tatsuniyoyinmu, waɗanda nauyinsu a kunnen mai faɗa ba ɗaya ba ne da nauyinsu a kunnen wanda aka faɗa wa. Babu amsa guda da za ta wadatar ko'ina. Abin da tarihin wannan littafi ya koyar shi ne mai fassara ya san abin da yake taɓawa, ya san don wa yake taɓa shi, ya kuma faɗa wa mai karatu cewa ya taɓa.

Tambayoyin nazari

1. Kawo hanyoyi uku da Hausar yankinku ke nuna girmamawa ga babba a cikin zance, sannan ka bayyana wadda karya ta ta fi muni a kunnen jama'a.

2. Ƙirƙiri kalma mai bin tsarin gaɓar Hausa wadda ba ta da ma'ana, ka gwada ta a kan mutum biyar, ka rubuta abin da kowannensu ya zaci tana nufi.

3. Zaɓi kalmar Hausa guda da nauyinta ya sauya tsakanin zamanin kakanninka da naka. Idan ka same ta a tatsuniyar da za a buga wa ƴan firamare, wace hanya za ka bi cikin ukun da aka ambata, kuma me ya sa?